Injin Iska: Girman Tanki Ba Shi Ne Ƙarfin Aiki Ba

Ma'aikaci da yawa idan lokacin barin aiki ya gabato, yakan keɓe wani ɗaki a gidansa don ya kafa 'yar sana'a, ko ta fentin ƙofofi da kujeru, ko ta faci, ko ta kafinta. Abin da akan fara saye kuwa shi ne injin iska, wato kwamfuresa. A nan ne kuma kuɗin sallama kan salwanta, domin mai saye yakan shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya zaɓi mai babban tanki, yana zaton ya sayi ƙarfi. Alhali kuwa tanki rumbu ne kawai, famfon da ke kansa shi ne manomi.

Abubuwa biyu ake aunawa ga wannan inji. Na farko shi ne matsin iska, wanda agogon da ke jikinsa ke nunawa. Yawancin ƙananan injina suna kaiwa bar 8, tayar ƙaramar mota kuwa ba ta bukatar fiye da bar 2 da ɗan wani abu. Saboda haka matsi ba kasafai yake kasawa ba. Na biyu, wanda shi ne muhimmi, shi ne yawan iskar da famfo ke bayarwa a kowane minti, ana rubuta shi da lita ko da haruffan CFM. CFM ɗaya daidai yake da lita 28 da 'yan kai.

Ga misali. Bisa ƙa'idar da Robert Boyle ya bayyana a 1662, wadda ɗaliban kimiyya suka sani, tanki mai lita 50 da aka matse zuwa bar 8 yana riƙe da kimanin lita 400 na iska. Bindigar fenti kuwa takan sha lita 200 zuwa 400 a minti. Idan famfo lita 130 kaɗai yake bayarwa, ba za a yi minti biyu ba matsi zai faɗi, fenti ya riƙa fita da gudaji, injin kuma ya yi ta aiki ba hutu har ya ɗauki zafi. Amma ga mai buga taya ko mai bindigar ƙusa, waɗanda ke shan iska jefi-jefi, wannan injin ya wadatar.

Wajibi ne mai saye ya lura cewa lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe sau da yawa ta iskar da famfo ke zuƙa ce, wadda yake fitarwa kuwa takan tsaya wajen kashi biyu cikin uku nata. Don haka a fara sanin bukatar kayan aikin da ya fi shan iska, sannan a nemi injin da ya ɗara ta.

Sai batun lantarki. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, injin da aka ƙera don Amurka kuwa na bolt 120 ne, ba ya jituwa da ita. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, amma lokacin tashi injin yakan ja ninkin abin da yake ci sau uku ko fiye, shi ya sa ƙaramin janareto kan mutu da zarar an kunna shi. Wanda ya wuce doki 3 galibi sai da wuta mai layi uku.

Abu na ƙarshe ya shafi rai. Iska idan an matse ta takan zubar da raɓa a gindin tanki, musamman da damina, ruwan nan kuma ya ci ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. Tankin da tsatsa ta ci yana iya fashewa ya hallaka na kusa. Saboda haka a buɗe mazubar da ke ƙarƙashinsa kullum bayan tashi daga aiki, a wanke matatar iska lokacin hunturu, kada a toshe bawul ɗin da ke sakin iska idan matsi ya yi yawa. Tankin da ya huje kuwa ba a kai shi wurin mai walda, sai dai a sake wani. Wanda zai sayi na hannu ya fara kwance mazubar nan: idan jan ruwa mai ɓarɓashin tsatsa ya fito, to, araha ba ta ado.