Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni Zai Bayyana a Binciken Intanet da Kuɗi Kaɗan

Ƙaramar hukumar Tarauni, wadda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 221,367, tana daga cikin sassan birnin Kano da baƙi suka fi ratsawa a kullum, domin a cikinta ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake a bakin titin Zariya, a cikinta ne kuma tashar motar Unguwa Uku da kasuwar wayoyi ta Farm Centre suke. Wanda ya kawo mara lafiya daga Jigawa ko Katsina ko Jamhuriyar Nijar yana buƙatar masauki da abinci da kantin magani da mai gyaran waya, alhali kuwa bai san unguwar ba, bai kuma san kowa a cikinta ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai wanda ake tambaya ya fara sauyawa, domin baƙon da a da yake dogara ga direban Adaidaita Sahu ko mai shayin bakin titi, yanzu sau da yawa wayar hannunsa yake fara tambaya. Shagon da wayar ba ta san da shi ba, ko da kayansa sun fi na kowa inganci, zai rasa wannan ciniki ba tare da mai shi ya san ya rasa ba.

Aikin gyara bayanan sana'a domin ta riƙa fitowa a gaba idan an yi bincike shi ne masana suke taƙaita sunansa da haruffan SEO, kuma kamfanoni manya suna ɗaukar ƙwararru su biya su kuɗi masu yawa saboda shi. Amma ɓangaren da ya fi amfani ga tela ko mai sayar da turaren wuta ko mai wankin mota, aiki ne da mai sana'ar zai iya yi da kansa, da wayarsa, ba tare da ya kashe abin da ya wuce kuɗin data ba.

Yadda injin bincike yake aiki

Injin bincike manhaja ce da take amsa tambayar da aka rubuta mata ta hanyar jero shafukan da suka dace da ita, kuma a Nijeriya fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan bincike ta Google ake yin sa, kamfanin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a shekarar 1998. Aikinsa mataki uku ne: da farko wasu manhajoji suna bin shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya suna karanta abin da yake cikinsu, sannan a adana abin da aka karanta a wani babban rumbu da aka tsara bisa kalmomi, daga ƙarshe kuma idan mutum ya yi tambaya sai a zaɓo amsoshi daga rumbun a jera su bisa cancanta. Wasu daga cikin sakamakon da suke fitowa a sama talla ne da aka biya, kuma ana yi musu alamar haka, amma sauran ba a sayen gurbinsu da kuɗi, a nan ne ƙaramin ɗan kasuwa yake da damar yin takara da babba.

Injin yana kama da dillali wanda ba ya kai mai saye sai wurin da ya sani, kuma ba ya sanin komai sai abin da aka rubuta a fili. Wannan ne ya sa hanyar da yawancin masu sana'a a Kano suka fi dogara da ita, wato ɗora hoton kaya a sitatus na WhatsApp, take da iyaka: hoton yana ɓacewa bayan sa'a 24, waɗanda suke da lambar mai kayan kaɗai suke ganin sa, kuma injin bincike ba ya kaiwa gare shi sam. Hanya ce mai kyau ta riƙe tsofaffin abokan ciniki, amma ba ta kawo wanda bai taɓa jin sunan shagon ba.

Rajista a taswira

Mataki na farko, kuma mafi girman amfani, shi ne buɗe shafin bayanin sana'a na kyauta mai suna Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen shekarar 2021 ake kira Google My Business. Shi ne yake sa shago ya fito a taswirar Google Maps da sunansa da lambar wayarsa da lokutan aikinsa da hotunansa. Ana buɗe shi da adireshin imel na Gmail, sannan kamfanin ya nemi tabbacin cewa sana'ar tana nan da gaske, wani lokaci ta hanyar lambar sirri da ake turowa, wani lokaci kuma ta hanyar ɗan gajeren bidiyo da zai nuna allon shago da titin da yake kai da kayan aikin da suke ciki.

Idan aka ɗauki misalin tela a titin Court Road da ke Gyaɗi-Gyaɗi, abin da ya kamata ya rubuta a gurbin suna shi ne sunan da yake jikin allonsa, ba ƙari ba ragi, domin cusa kalmomin talla a cikin suna ya saɓa wa ƙa'ida kuma yana iya jawo a dakatar da shafin. A gurbin nau'in sana'a sai ya zaɓi ɗinki kai tsaye, ya bar faffaɗan suna irin na kanti, a gurbin bayani kuma ya lissafa abin da yake yi dalla-dalla: babbar riga, kaftani, aikin surfani, kayan makaranta, da gyaran kaya. Lokutan aiki su zama na gaskiya, har da sa'o'in da ake rufewa domin sallar Juma'a da sauyin da ake samu a watan azumi, lokacin da teloli suke kwana a kan keke, saboda mutumin da ya taso daga Hotoro ko Darmanawa ya tarar da ƙofa a rufe alhali waya ta ce a buɗe take, da wuya ya sake dawowa. Hotuna kuwa, tun da gani ya kori ji, su zama na ainihin shagon da ainihin ɗinkinsa, a ɗauke su da rana, ɗaya daga cikinsu kuma ya nuna ƙofar shagon daga bakin titi yadda mai zuwa zai gan ta.

Matsalar adireshi babba ce a lungunan Tarauni da Unguwar Gano da Daurawa, inda kwatance yakan kasance bayan gidan mai ko kusa da masallaci ko layin mai unguwa. Maganinta shi ne mai shago ya tsaya a ƙofar shagonsa ya dasa alamar wurin a taswira da hannunsa, sannan ya kwafi lambar da ake kira Plus Code, wadda gajeren haɗin haruffa da lambobi ne da Google yake bai wa kowane ɗan yanki na ƙasa kyauta, ya riƙa tura ta ga masu saye da masu kai saƙo. Matan aure da suke sana'a a cikin gida, kamar masu cincin da dambun nama da kayan ƙamshi da ƙunshi, ba dole ne su bayyana ƙofar gidansu ba, domin tsarin ya ba wa masu kai kaya ko aiki wurin abokin ciniki damar ɓoye adireshi su nuna unguwannin da suke kaiwa kawai.

Abin da yake ɗaga shago sama

Google ya bayyana cewa abu uku ne suke yanke hukunci a binciken da ya shafi wuri: dacewar sana'a da abin da aka nema, kusancinta da mai nema, da kuma shahararta. Kusanci ba ya hannun mai shago, amma dacewa tana samuwa ta cika bayani, shahara kuma tana ginuwa da yawan sharhin abokan ciniki da ingancinsa da kuma ambaton sana'ar a wasu shafuka. Saboda haka ya kamata mai sana'a ya saba da roƙon duk wanda ya gamsu da aikinsa ya rubuta masa sharhi na layi ɗaya ko biyu, ya tura masa mahaɗin shafin sana'ar ta WhatsApp tun zuciyarsa tana cike da jin daɗi. Sayen sharhi, ko sa 'yan'uwa su rubuta yabon abin da ba su saya ba, ko ba da ragi a madadin yabo, duk sun saɓa wa ƙa'idar kamfanin, kuma algus ne da addini da al'adar kasuwa suka yi tir da shi tun kafin zuwan intanet. Idan sharhin ƙorafi ya shigo, amsa shi cikin ladabi da bayyana gyaran da aka yi ya fi share shi amfani, domin masu karantawa suna auna halin mai shago ne daga yadda yake karɓar ƙorafi.

Dacewa kuma ta dogara ne ga sanin kalmomin da masu saye suke rubutawa da kansu, waɗanda ba lallai su zama irin na masu sana'ar ba. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce a fara rubuta sunan kayan a gurbin bincike a lura da ƙarashen da injin yake kawowa, domin daga binciken mutane yake samo shi, sannan a duba shafin Google Trends na kyauta, a kuma saurari yadda masu kira suke tambaya. A Kano wasu da Hausa suke bincike, wasu da Ingilishi, da yawa kuma suna gwama su, don haka bayanin sana'a ya fi amfani idan aka rubuta shi da harsunan biyu. Yawancin mutane ba sa saka haruffa masu lanƙwasa a waya, kuma sunan unguwa ɗaya ana rubuta shi iri-iri, da karan ɗori ko babu, saboda haka yana da kyau a gwada kowane salo a ga abin da yake fitowa.

Shafi na kai da tarkon masu yaudara

Sana'ar da take son ciniki daga wajen Kano, kamar mai sayar da kayan waya a Farm Centre da yake aika saƙo jihohi, za ta amfana da shafin intanet na kanta. Ana iya farawa da na kyauta a Google Sites ko Blogger, daga baya a sayi suna mai ƙarewa da .ng ko .com.ng daga dillalan da ƙungiyar NiRA, mai kula da sunayen shafukan Nijeriya, ta amince da su, a riƙa sabunta shi duk shekara. Darajar mallakar suna ta fito fili a watan Maris na 2024, lokacin da Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya taɓa bai wa masu Business Profile, waɗanda suka dogara da su kaɗai suka koma neman wani wuri. Kowane shafi ya sami take bayyananne mai ɗauke da kaya da wuri, kamar a ce gyaran gilashin waya a Farm Centre, Kano, farashi da bayani kuma a rubuta su da haruffa a jikin shafin, a daina dunƙule komai a cikin hoton talla guda. Tun da Google yanzu da sigar waya yake auna shafi, kuma masu ziyara suna lissafin datarsu, dole ne a rage nauyin hotuna domin shafin ya buɗe da sauri. Manhajar Search Console, ita ma ta kyauta, tana nuna ko shafin ya shiga rumbun da kuma kalmomin da suke kawo mutane.

Suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina, a Facebook da Instagram da Jiji da allon shago da takardar rajistar hukumar CAC, domin saɓani yana rikita injin kamar yadda yake rikita mutum. Mahaɗin da wasu shafuka suke yi zuwa shafin mutum yana ƙara masa daraja, kuma a kan wannan tunani aka gina Google tun farko, amma tun daga gyaran da kamfanin ya yi wa tsarinsa a shekarar 2012, mai suna Penguin, mahaɗan da aka saya a banza ba sa kawo alheri. Mahaɗin da ya zo daga ƙungiyar 'yan kasuwa ko jaridar gari ko kamfanin da ake sarin kayansa shi ne mai amfani.

Akwai masu yawo suna alkawarin ɗora shago a matsayi na farko cikin mako guda idan an biya su, alhali Google da kansa ya ce babu wanda zai iya ba da wannan tabbaci, kuma ba ya karɓar ko sisi a kan rajistar taswira. Haɗari mafi yawa shi ne a bar wani yaro ko mai shagon kwamfuta ya buɗe shafin Business Profile da imel ɗinsa, domin ranar da aka saɓa da shi, ko ya bar gari, shafin da sharhin da aka tara shekara da shekaru sun tafi tare da shi. Mai sana'a ya buɗe da nasa imel, ya ƙara mai taimaka masa a matsayin manaja, kada kuma ya faɗa wa kowa lambar sirrin da aka turo masa.

Sakamakon wannan aiki ba ya zuwa a kwana ɗaya, yakan ɗauki watanni, kuma ana gane shi daga ƙididdigar da shafin yake nunawa ta yawan masu kira da masu neman kwatance, da kuma tambayar kowane sabon abokin ciniki inda ya sami labarin shagon a rubuta a littafin ciniki. Ya dace shugabannin kasuwar Tarauni da na Farm Centre da ƙungiyoyin teloli da na mata masu sana'a su shirya zama na yini guda, matasan da suka iya su koya wa iyayensu da maƙwabtansu, kowa ya fita da shafinsa a hannunsa. Jarin da ake buƙata a nan shi ne bayani na gaskiya da aiki mai kyau da haƙuri, kuma duk mai sana'ar da yake da waya a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni yana da ikon farawa tun yau.