Su da gashin kaza a bisa dutsen Kenya

Ƴan'uwa masunta na Madarunfa da Tabalak, kun san fatsa, kun san tanar da ake soka wa ƙugiya. Yau za mu kai ku wurin da ake kama kifi ba tare da koto ba, sai da gashin tsuntsu.

A ƙasar Kenya akwai wani babban dutse mai tsawon mita 5199, sunansa dutsen Kenya. A jikinsa, sama da mita 3000, akwai tabkin Rutundu. Ruwansa garau yake, sanyinsa kuwa har cikin ƙashi. Kifin da ke ciki shi ne wanda Faransawa ke kira turuwit. Ba ɗan ƙasa ba ne: a shekarar 1905 wani Bature, Ewart Grogan, ya fara kawo irinsa Kenya daga Turai. Kada wani ya yi sha'awar zuba shi a tabkunanmu, domin in ruwa ya wuce digiri 25 mutuwa yake yi.

Masunci yakan fito da sassafe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Ba ya gaggawar jefa fatsa. Sai ya tsuguna a bakin ruwa ya duba irin ƙwarin da ke tashi, ya juya ƙananan duwatsu ya ga tsutsotsin da ke ƙarƙashi, domin su ne abincin kifin a ranar. Sa'annan ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaɓi ƙugiyar da aka naɗa wa gashin kaza ko na zabo da zare, har ta yi kama da wannan ƙwaro a girma da launi.

Ƙugiyar ba ta da nauyi ko kaɗan, don haka igiyar ce mai nauyi. Da doguwar sanda mai lanƙwasa yake kaɗa igiyar gaba da baya a iska, kamar mai bulala, har ta miƙe ta ajiye ƙwaron ƙarya a kan ruwa a hankali. In ya faɗo da ƙarfi, ko inuwar mutum ta sauka a ruwa, kifi ya gudu ke nan. Wani lokaci a yi awa biyu babu motsi. Sai a sake ƙugiya, a sake wuri. Can sai ruwa ya ɗan murɗa, igiya ta yi tauri, sanda ta rusuna. Da yawa daga cikin masu wannan su sukan cire ƙugiyar da jiƙaƙƙen hannu su mai da kifin ruwa, abin da zai ba masuncinmu mamaki, amma da haka ƙaramin tabki ba ya ƙarewa.

Hawan yana da nasa haɗari. Iska ta yi ƙaranci a can sama, baƙo yakan ji ciwon kai da haki da jiri. Maganinsa hawa sannu da shan ruwa, in abin ya tsananta a sauko nan take. Da la'asar hazo yakan rufe dutsen, mai hankali ya naɗe igiyarsa tun da sauran gani.

Su wa ke naɗa waɗannan ƙugiyoyi? Kenya ta yi suna a wannan sana'a. Maza da mata suna zaune suna naɗa su da hannu, ana aika su Turai da Amurka. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, irin wanda muke fige wa mu watsar a bayan gida, yana cikin kayan aikinsu.