Mu da Noma, Birni da Girbi

Bara na tsaya a bakin fili a Ƙaraye ina kallon wasanmu da matasan Rogo. Yaron da ya ci mana ƙwallo biyu a ranar, kafin damina ta wuce ya koma wata ƙungiya a birnin Kano. Mu da muka yi karo-karo muka saya masa takalmi, ko sisi ba mu gani ba.

Ban ga laifinsa ba, domin kowa gaba yake nema. Ko a ƙwallon kwandon Amurka haka abin yake. A 2019 Anthony Davis ya matsa wa ƙungiyar New Orleans lamba har ta sallame shi zuwa Los Angeles Lakers. Sai dai ita ta karɓi 'yan wasa uku da damar zaɓen sababbi a madadinsa, saboda akwai rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu.

Wannan takarda ita muka rasa. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin Ƙaraye da Rogo su yi wa yaransu rajista, su rubuta sharuɗɗan sallama tun yaro bai yi suna ba. Wanda ya sha ranar noma ya cancanci dami.