Sojojin Haya: Abin Da Fim Ya Nuna Da Abin Da Ya Ɓoye

A ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Bichi, idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, gidan kallo shi ne majalisar samari. Da an idar da sallar isha'i sai a tayar da janareta. A irin wannan rumfa na sake kallon The Expendables, fim ɗin 2010 wanda Sylvester Stallone, da muka fi sani da Rambo, ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin Barney Ross, shugaban wasu sojojin haya.

An ɗauko su ne domin su kashe Janar Garza, mai mulkin kama-karya a wani tsibirin ƙage mai suna Vilena. Da suka isa, sai suka tarar Janar ɗin ɗan amshin shata ne kawai. Mai juya akalarsa wani tsohon jami'in CIA ne da ke fataucin miyagun ƙwayoyi.

A nan ƙarfin fim ɗin yake, domin ya nuna cewa sau da yawa mai riƙe da madafun iko ba shi ne mai riƙe da ƙasa ba. Akwai kuma wurin da Mickey Rourke, cikin hawaye, yake tuna wata mata da ya bari ta halaka kanta a Bosniya alhali yana da ikon cetonta. Rumfar ta yi tsit. Wannan ne kaɗai lokacin da fim ɗin ya yarda cewa kisa yana cin ran mai yinsa.

Amma rauninsa ya rinjayi ƙarfinsa. Sojojin tsibirin suna zuba kamar fari, ba suna, ba uwa, ba jana'iza, samari kuwa sai tafi. Mafi muni, an nuna ɗan haya a matsayin mai tausayi, wanda ya koma ya ceci ɗiyar Janar ba don kuɗi ba.

Mai karatu, tarihi bai san irin wannan ɗan haya ba. A yaƙin basasar Nijeriya, Rolf Steiner ya yi wa Biyafara faɗa, har Ojukwu ya kore shi a 1968. A 2015 an kawo 'yan Afirka ta Kudu yaƙar Boko Haram. Bayan 'yan watanni suka tattara nasu ya nasu, yaƙin kuma bai ƙare ba. A garin Moura na ƙasar Mali, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojojin ƙasar da wasu baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a Maris ɗin 2022.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Bayan kisan manoman Zabarmari a 2020, Gwamna Zulum ya nemi a sake ɗauko sojojin haya. A ƙarshen 2025 kuwa 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono. Manomin da aka kore wa shanu, in ya ce a kawo ko wane ne, ba a ga laifinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai hakki ne a kan masu ilminmu su faɗa wa ƙannensu cewa wanda aka biya ya tsare gona ba zai kai damina mai zuwa ba idan wani ya fi mu tayi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.