Igiyar Bayan Rumbu

Da dare ba a kiran sunansa. A Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, da zarar magariba ta yi sai ya koma igiya, ko abin ƙasa, ko majanciki, don tsofaffi sun ce in aka ambace shi yakan amsa kira. Shi ya sa ranar da autan gidan Baffana ya sheƙo daga bayan rumbu yana "Inna, igiya! Igiya!" ba wanda ya tsaya tambayar wace igiya. Nan da nan tsakar gida ta cika, wannan da taɓarya, wancan da fartanya, mata sun kwashe ƙananan yara sun yi ɗaki. Kaka ce, an shigo da dawa, karan da aka jingine a katanga ko gama bushewa bai yi ba.

Baffa ya fito da tocila kaɗai a hannunsa. Ya ce, "Kai, ku dakata. Kowa ya ja baya." Ya haska gindin rumbun, na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Tsawon abin kamar kamu biyu, ruwan ƙasa mai duhu, jikinsa sumul yana sheƙi kamar an shafe shi da man gyaɗa. Kansa siriri ne, kaɗan ya fi wuyan faɗi, ga wani farin zare da ya taso daga hanci ya bi ta gefen ido. A tsakiyar cikinsa akwai ƙullutu, ya haɗiyi wani abu, shi ya sa ya kasa gudu sosai.

Baffa ya ce, "Wannan mai cin ɓera ne, ba shi da dafi. Ku bar shi ya wuce."

Inna ta ɗaga murya daga bakin ƙofa. "Malam, maciji fa maciji ne."

"Haka ne. Amma ɓeran da ke cikinsa, dawarki yake ci."

Ban ga laifin Inna ba, har yau ma ban gani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, mu kuwa al'umma ce da aka daɗe ana sara. Tarihinmu ma da maciji ya buɗe, wanda ya tare rijiyar Kusugu a Daura ya hana mutane ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya fille masa kai. A bakinmu munafuki macijin ƙaiƙayi ne, mai cuta ya ɓuya kuma sari-ka-noƙe. A bori akwai Danko, iskan da ke jan ciki. Da wuya ka samu wata halitta da harshenmu ya ɗora wa zargi kamar wannan. Sai dai harshen da ya zarge shi bai tsaya a kan suna ɗaya ba. Ya ce kububuwa, ya ce kasa, ya ce kumurci da gamsheƙa, mesa, damatsiri. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun tsaya sun duba, kamar yadda Baffa ya tsaya. Abin da ke damuna shi ne, matasan da suka ɗauko fartanya a daren nan ba wanda zai iya bambance biyu daga ciki.

Wadda ya kamata kowane ɗan Kabo ya fara sani ita ce kububuwa, don ita ta fi kowane maciji kashe mutane a Arewa, alhali sau da yawa ko kamu ɗaya da rabi ba ta kaiwa. Launinta na turɓaya ne, da fararen ɗigo-ɗigo a jere a gefen jiki, fatarta kaushi gare ta, kanta ya fi wuyanta faɗi a fili. In ta ji barazana sai ta lanƙwashe jikinta tana goga ɓawon fatarta da juna, ka ji wani shuu-shuu kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Duk wanda ya ji wannan ƙara a cikin kara ko ƙarƙashin dami, ya janye ƙafarsa tukuna kafin ya nemi inda take. Ana ce mata gobe-da-nisa, wai wanda ta sara ba zai ga gobe ba. Sunan ya tsoratar yadda ya kamata, amma ya ɓoye wani abu. Yawanci mutum yakan ga goben, har jibi, yana zaune yana hira, ana cewa ai da sauƙi. Dafin yana can yana tsinka jini. Sai dasashi ya fara zubar da jini, fitsari ya yi ja, tsohon miki ya buɗe, wani lokaci jinin ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa. Kwanakin nan da ake ganin kamar lafiya lau, su ne ake ɓatawa a gida.

Kasa kuwa kowa ya san ta da barci, har ana yi wa mai nauyin barci kirari da ita. Gajeriya ce mai kauri kamar damtsen ƙato, kanta faffaɗa. Sai dai kwanciyar nan tata kwanton ɓauna ce. Takan yi kwanaki a wuri guda cikin busasshen ganye tana jiran ɓera ya gifta, launinta ya saje da ƙasa, ba ta matsawa don mutum na tafe. Maciji ma ba shi da fatar ido da zai rufe, ba yadda za a yi ka gane mai barci da mai kallonka. In aka taka ta, saranta ya fi ƙiftawar ido sauri, ƙafa ta kumbura har nama ya ruɓe. Kumurci da gamsheƙa su ne masu miƙewa su fasa kai, su ne kuma suka fi shiga gida, don suna bin akurki da ƙwai da kwaɗi, musamman a gidajen da ke kusa da fadama da wuraren noman rani irin na wajen dam ɗin Guzuguzu. Baƙin nan mai tofi a cikinsu yana iya feso dafi cikin idon mutum daga nisan mita biyu. In ya samu ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi asibiti.

Da a nan abin ya tsaya, da ganewa ta yi sauƙi. Akwai wani maciji mai shan ƙwan tsuntsaye, ko haƙoran kirki ba shi da su, amma ya ari zanen kububuwa, har gogar jikin nan da ƙarar yana yi. Akwai kuma wani ɗan baƙi sumul mai zama a rami, yakan fito bayan ruwan sama, kai ka ce ba abin da zai iya, alhali fiƙarsa ta gefen baki take fitowa, ko ta bayan kai aka riƙe shi sai ya soki yatsa. Damatsiri kore ne marar cutarwa, amma a kan bishiya akwai wani koren mai manyan idanu da dafinsa ke tsinka jini. Don haka sanin Baffa ba abin da yaro zai kwaikwaya da hannu ba ne. Shi ma daga nesa ya duba, da haske, ya haɗa alama uku ko huɗu kafin ya yi magana. Yanzu da waya ta wadata, hoto daga nesa ya wadatar a nuna wa wanda ya sani.

Malamanmu na zaure suna da nasu bayanin, kuma ya fi yadda ake zato sassauci. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim akwai labarin wani saurayi sabon ango a Madina lokacin yaƙin Gwalalo. Ya dawo gida ya tarar da ƙaton maciji naɗe a kan shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, macijin ya juyo kansa, duka biyun suka mutu. A kan haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa yi wa macizan gida gargaɗi har kwana uku kafin a kashe su, saboda aljanun da suka musulunta, aka kuma keɓe wasu miyagun iri da ba a yi musu wannan jinkiri. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta kawo hukuncin a kan Madina, ta kuma nuna yin hakan a wani gari abu ne mai kyau. Ni abin da na ɗauka a labarin har da wannan: saurayin nan wajen kisa ya gamu da ajalinsa. Har yau mutane da yawa a nan ake saransu, sun matsa kusa da guntun sanda, ko sun ɗauki mushe da hannu. Ana cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, to ko an sare ɗin, guntulallen kai yana iya sara bayan wani lokaci.

Ra'ayina a fili yake. Kububuwa ko kasa ko kumurci a cikin gida mai yara masu yawo ba takalmi, ba zan ce wa kowa ya bar su ba. A fitar da yara, a samu babba mai natsuwa da doguwar gora, ko a kira wanda ya saba da aikin. In a daji aka haɗu, kowa ya kama hanyarsa. Amma mai cin ɓera da damatsiri da irinsu, kashe su asara ce ga mai rumbu. Macijin da ya shigo gida abinci ya biyo, in aka kashe shi aka bar ɓerayen da tarin kara da ramukan gindin katanga, wani zai maye gurbinsa, kuma ba lalle na biyun ya zama marar dafi ba.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure ƙafa tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da abin hannu, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da yana cewa ba ya jin komai. Can akwai gwaji mai sauƙi: a zuba jininsa a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga. Maganin allura ce, irin su EchiTAb da aka haɗa da dafin macizan ƙasar nan, wadda asibitin kula da saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya daɗe yana aiki da ita. A Kano ma, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana bincike a kan wannan ciwo na manoma da makiyaya, wanda sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. Ya kamata kowane maigida a yankin Kabo, Garo ne ko Gude ko Durun, ya bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar, ranar da abin ya faru ba ranar tambaya ba ce.

A daren nan macijin ya ja ƙullutunsa a hankali ya shige ƙarƙashin duwatsun da aka ɗora rumbu a kai. Washegari Baffa ya sa samarin suka kwashe karan suka kai bayan gida nesa da ɗakuna, aka toshe ramukan katanga da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka hana yara zuwa bayan rumbu da dare ba fitila. Inna ta yi kwana biyu ba ta ɗibar dawa da kanta. Bayan wasu makonni autan ya tsinci saɓa a maƙale jikin dutse, fara shara-shara, har da gurbin idanu. Ya kawo wa Baffa a kan tsinke. Baffa ya shimfiɗa ta a tabarma, ya kira samarin nan masu fartanya, ya ce su shafa su ji santsinta, sannan ya fara gaya musu yadda ta kububuwa take.