Ina Birnin Kib Yake?

Kowane zamani da gwanin da yaransa suke ji da shi. Yayyenmu da suka yi firamare a ƙarshen shekarun 1960 ba su da zance sai na Lance Spearman, jami'in binciken nan na mujallar African Film, wadda ake bin labarinta hoto bayan hoto ko mutum bai iya Turanci ba. Ƙannenmu kuwa da littattafan soyayya na Kano suka tashi. Mu 'yan UPE, da aka kwasa zuwa aji a 1976, namu gwanin Iliya ne. Littafinsa ya iso hannunmu a garinmu Ɗan Isa ba bango, ba shafin farko, gefensa duk ya sha man ƙuli, yana yawo daga wannan aljihu zuwa wancan. Mun san gurgun yaron da baƙi matafiya suka tayar ya miƙe da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Mun san dokinsa Kwalele, da ƙaton nan Wargaji, da Sarki Waldima na birnin Kib. Abu ɗaya ya hana mu sakat: ina birnin Kib yake?

Tambayar ba ta wasa ba ce a wurinmu, domin mun saba jarumi yana da gari. Namoda, wanda ya yi yaƙin Alƙalawa a 1808, ga garinsa nan Ƙaura kusa da mu. Ganɗoki na Bello Kagara a Kwantagora ya yi artabu da Turawa. Shaihu Umar daga Kagara ya fito. Duk garuruwa ne da mota take zuwa. To don me na Iliya zai ɓata?

Wanda na fara tunkara kawuna ne, bafatake da ba ya fashin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya kuma san hanyar Maraɗi da ta Agadas. Na gaishe shi, na ba shi labarin, na ce, "Kawu, wai ina Kib take?" Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce, "Ɗana, daga nan har Azbin babu zangon da ban kwana ba, amma garin ga ban taɓa jin mai raƙumi ko mai jaki ya ambace shi ba. Kuma ka taɓa jin Bahaushe ya raɗa wa ɗansa Waldima?" Da wannan aka cire ƙasar Hausa da maƙwabtanta daga lissafi.

Sai hankalinmu ya koma Gabas, tunda daga can labaran jarumai suke zuwa mana, irin su Antaru da Dare Dubu da Ɗaya. Sunan Iliya ma ya yi kama da na Annabi Ilyasu. Muka kai ƙara wurin malaminmu na allo. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce, "Almajirai, Bagadaza na sani, Sham na sani, Misira na sani. Sarakunan da ke cikin littattafanmu kuwa, daga Umayyawa har Abbasiyawa, babu mai wannan suna." Ƙofa ta biyu ke nan ta rufe. Garin ba na Hausa ba, ba na Larabawa ba, amma ga shi cikin Hausa tsantsa wadda ko tsohuwa ta ji sai ta gyaɗa kai.

Haske na farko ya zo ne ranar da na ga littafin da bangonsa a shagon mai sayar da littattafai a Gusau. Sunansa Iliya Ɗan Maiƙarfi, marubucinsa Ahmadu Ingawa, a Zariya aka buga shi, fitowarsa ta farko a 1951. Kalmar Zariya ita ce mabuɗin, domin duk wanda ya san yadda aka haifi ƙagaggun labaran Hausa na boko ya san irin aikin da ake yi a can. Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Da aka kira Abubakar Imam Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam-dabam: na Larabawa, na Indiya, da tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu Grimm suka tattara. Ya karanta, ya narkar da su, ya sake ƙera su da Hausa. Ko akun nan mai riƙe ɗan sarki da hira, asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne. Saboda haka tambayar ta sauya. Maimakon neman Kib a hanyar fatake, sai a neme ta a cikin kabad ɗin littattafan Zariya.

Haske na biyu rediyo ne ya kawo shi. A watan Afrilu na 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga, gidajen rediyo suka yi ta ambaton babban birnin da ke kusa da ita, wato Kiev ta ƙasar Yukren, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyet. Bahaushe ba shi da harafin ƙarshen nan a bakinsa, da “b” yake musanya shi. Kiev, Kib. Zato ne kawai, kuma zato ba ya zama hujja sai an sami shaida ta biyu. Idan har Kib ita ce Kiev, dole a sami Waldima a cikin jerin sarakunanta. Littafin tarihin Turai na ɗakin karatun makaranta ya ba da amsa: Vladimir, wanda ya mulki Kiev har rasuwarsa a 1015, wanda kuma ya shigar da ƙasarsa addinin Kirista a 988. Gari ya dace, sarki ya dace. Sunaye biyu ba sa haɗuwa haka da ka.

Saura jarumin kansa. Mutanen Rasha suna da tsofaffin waƙoƙin baka na jarumai, waɗanda manoma suka riƙa rerawa ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta su, kamar yadda makaɗan fada na Zamfara suke riƙe da tarihin mazan jiya a ka. Babban gwarzon waɗannan waƙoƙi shi ne Ilya na Murom, ɗan manomi daga ƙauyen Karacharovo. Ya yi shekara 33 a zaune ba ya iya tafiya. Wata rana matafiya masu ziyarar ibada suka tsaya ƙofar gidansu suka nemi abin sha, suka umarce shi ya tashi ya kawo, ya tashi. Ya sha abin da suka ba shi, ƙarfi ya shige shi. Ya haɗu da wani ƙato mai suna Svyatogor wanda ƙasa ba ta iya ɗaukar nauyinsa. Su biyu suka tarar da wani akwatin gawa a hanya, ƙaton ya shiga ya gwada, murfi ya rufe, duk saran da Ilya ya kai sai ɗaurin ƙarfe ya ƙaru. Wanda ya karanta ƙarshen Wargaji ba ya bukatar a faɗa masa ko wane ne wannan. Haka saɓanin Ilya da Vladimir, da jefa shi kurkuku, da komawa a nemi taimakonsa ranar da abokan gaba suka kewaye birni. Haka ma ƙarshensa na zama dutse. A yau a gidan ibadar kogo na birnin Kiev akwai gawar wani waliyyin Kiristocin ƙasar da ake cewa shi ne Ilya.

To ta ina labarin ya biyo har ya iso Zariya? Wani zai ce ta silima, domin Rashawa sun yi shahararren fim a kan Ilya, wanda Aleksandr Ptushko ya shirya. Amma lissafin shekaru ya kore wannan: fim ɗin a 1956 ya fito, littafin Ingawa kuwa ya riga shi da shekara biyar. Hanyar da ta rage ita ce ta takarda. Pavel Rybnikov ya tattara waƙoƙin daga bakin manoman arewacin Rasha a shekarun 1860. Isabel Hapgood, Ba'amurkiya, ta fitar da su da Turanci a 1886. Ke nan tun kafin a haifi Hukumar Talifi, Ilya yana nan cikin Turanci, harshen da malaman Zariya suke karantawa. Manazarta adabin Hausa sun tabbatar da wannan dangantaka tsakanin Iliya da Ilya. Zangon ƙarshe kuwa kowa a yankinmu ya san shi: layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, wanda ya kwashi gyaɗa da auduga ya yi kudu, ya kuma buɗe wa jarida da littafi hanyar zuwa gare mu.

Sanin asalin bai rage wa Ahmadu Ingawa komai ba, sai ma ya nuna girman aikinsa. Ya ɗauko gwarzon ƙasar ƙanƙara ya sa masa harshe da ɗabi'ar da yaron Ɗan Isa zai gane, ya mai da fadar Waldima irin fadar da muka sani, har bafatake da malamin allo suka saurari labarin ba su ji baƙunta a cikinsa ba sai a sunaye. Ya kuma zaɓi labarin da ya dace da kunnen talaka: ɗan manomi da aka yanke wa ƙauna, ya tashi ya tsare gari, sarki ya saka masa da kurkuku, amma ranar wuya bai juya wa jama'a baya ba.

Shi ya sa abin yake ci mini rai idan na tuna yaran Ƙaura da Shinkafi da Zurmi na yau, waɗanda rashin tsaro ya sha rufe musu makarantu, wasunsu ma an raba su da ƙauyukansu. Su ne suka fi kowa bukatar labarin da zai gaya musu cewa mai rauni yana iya miƙewa. Littafi ɗaya irin wannan yana isar unguwa guda. Duk ɗan yankin nan da karatu ya yi wa rana, idan zai je gida, ya sa Iliya Ɗan Maiƙarfi da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja cikin tsarabarsa, ya miƙa wa malamin firamare mafi kusa da gidansu.