Abin da ke ɓoye cikin ƙanƙara

Ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara in sanyi ya kai digiri 0. Ɗigon ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da oksijen 1 da idrojen 2, kamar yaro da hannuwansa biyu.

Cikin ƙanƙara, ƙwayoyin suna jere sahu-sahu kamar ƴan lakwal. Kowace tana da maƙwabta 4. Tana miƙa hannuwanta ga biyu, sauran biyun kuma su miƙo mata nasu. Tsakanin maƙwabta biyu, hannu ɗaya tak ake samu. Bernal da Fowler suka bayyana wannan doka a Ingila, a 1933.

Amma dokar ba ta faɗi wanda za a miƙa wa hannu ba. Zaɓen biyu cikin huɗu, hanyarsa 6 ce. Don haka oksijen a tsare yake, idrojen kuwa barkatai.

A 1935, Linus Pauling na Amurka ya yi lissafi: duk ƙwayar da aka ƙara, hanyoyin jeri suna ƙaruwa da wajen rabin yawansu. Ko sanyi ya tsananta, hannuwan ba su daidaita, don yana kafe su inda suke.

Tambayoyi
1. Maƙwabta nawa kowace ƙwaya take da su?
2. Mi ke tsare cikin ƙanƙara, mi ke barkatai?